Hakkin Yaro Ya San Jikinsa: Darasi Ga Malaman Gobe

Sa'ad da na ke ɗalibi kamarku, an tura mu koyarwar gwaji a wata makarantar firamare a nan ƙasar Fataskum, aka ba ni aji shida. Ran nan na shiga aji, yara duka suka miƙe suka gaishe ni, sai wata yarinya 'yar shekara 12 ta ƙi tashi. Na ce ta tashi, ta sunkuyar da kai. Na sake faɗa, ta yi kamar ba da ita na ke ba. Ni kuwa da ɗanyen kai irin na sabon malami sai na ɗauka raini ne, har na miƙa hannu zan ɗauki bulala. Allah ya taimake ni, wata dattijuwar malama tana wucewa ta bakin taga. Ta leƙo, ta dubi yarinyar sau ɗaya, ta ce, "Malam, fita da sauran yaran nan waje su motsa jiki." Da muka fita ta yafa mata mayafinta, ta raka ta gida.

Daga baya malamar ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, yarinyar nan yau ta fara ganin jinin al'ada. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai abu haka. Tana tsammani muguwar cuta ce ta kama ta, tana kuma tsoron a ce wani laifi ta yi." Mako guda cur yarinyar nan ba ta komo makaranta ba.

Tun daga ran nan na ke tambayar kaina, wa ya kamata ya gaya mata? Uwarta ta ji kunya, mu malamai mun ce ba aikinmu ba ne, yarinya ta tashi a tutar babu. A kan wannan al'amari za mu yi nazari yau.

1. Mene ne wannan ilmi?

Jaridu da gidajen rediyo su kan kira shi "ilmin jima'i". Wannan suna shi ya fara ɓata shi, gama duk uban da ya ji an ce za a koya wa 'yarsa abu mai irin wannan suna, lalle hankalinsa ya tashi, ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Amma in an duba, abin kashi biyu ne.

Kashi na farko sanin jiki ne, watau yadda yaro ke girma, da alamun balaga, da tsabta, da yadda cututtuka irin su ciwon sanyi da ƙanjamau ke yaɗuwa, da yadda ciki ke shiga da haɗarin da ke cikin haihuwa.

Kashi na biyu sanin zaman tare ne, watau yadda a ke zama da iyaye da abokai, da ladabin zance tsakanin saurayi da budurwa, da iyakar da ba a tsallakewa, da yadda yaro zai ce a'a, da wurin wanda zai kai kuka in an cuce shi.

Mu a nan za mu kira shi ilmin zaman iyali, kamar yadda manhajar makarantun Nijeriya ta sa masa suna.

2. Ba baƙo ba ne a ƙasarmu

Waɗansu suna zaton Turawa suka kawo wannan magana. Wanda ya yi karatun zaure ya san ba haka ba ne. Littafin Ahalari, wanda mai fara karatun fiƙihu ya kan soma da shi, yana da fasali a kan haila da jinin biƙi. Littafin Risala kuwa, wanda Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ya rubuta, shi da ya rasu a shekara ta 996, wani malami ne ya roƙe shi ya rubuta shi domin a koya wa yara. Tun a farkon littafin akwai babi a kan abin da ke wajabta alwala da wanka, an faɗi kome da sunansa, ba a boye ba. Malamai sun ruwaito cewa Nana A'isha ta yaba wa matan Madina domin kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman zamaninsa da su ke karantar da ɗalibai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'yan taru, tana aika jajinta ƙauyuka suna koya wa mata addini.

A gida ma akwai hanya. Uwa tana alkunya, balle ga ɗan fari, sabo da haka ba ita ke magana ba. Kaka ke yi, ko gwaggo, ko inna. Wasan da ke tsakanin jika da kaka shi ya kan buɗe bakin, a faɗi magana mai nauyi cikin raha. Yaro namiji kuma yana da kawu da malamin zaure. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da tasu hanya ta wurin iyaye mata na ikilisiya da koyarwar matasa.

To, me ya faru? Zama ne ya sake. Tun da Sarkin Fika ya ƙaura da fadarsa zuwa Fataskum a 1924, garin ya ke ta bunƙasa. Yau mahaɗar hanyoyi ne, ta Kano da ta Bauci da ta Maiduguri, ga babbar kasuwar shanu, ga manyan motoci ba iyaka, baƙo na shigowa baƙo na fita dare da rana. Magidanci yana haya a Bolewa ko Dogo Nini, kaka tana can ƙauye, gwaggo tana aure a wani gari. Yarinya tana talla a bakin tasha har magariba. Yaro kuma yana da wayar hannu, ko ta wansa, tana nuna masa abin da ko babba zai kau da kai. Saboda haka kada wani ya ce in mun yi shiru yaro ba zai ji kome ba. Zai ji, amma daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa.

3. Tarihin manhajar a taƙaice

A 1986 aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya. Ya zuwa 2001, cikin mata masu ciki da aka gwada a asibitoci kusan 6 cikin 100 suna ɗauke da ita. Tsoron wannan annoba ya sa Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda a 1999 a shigar da wannan ilmi makarantu. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta shirya shi tare da wata ƙungiya ta Legas mai suna Action Health Incorporated, aka amince da shi a 2001.

Nan da nan ƙura ta tashi. Malaman addini, Musulmi da Kirista, da iyaye da yawa suka ce ba su yarda ba. Aka koma aka zauna, aka cire waɗansu darussa, aka sake suna. A 2003 manhajar ta fito da sunan Ilmin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau, aka kuma bar wa ko wace jiha ta gyara ta daidai da al'adun mutanenta. An gina ta a kan ginshiƙai 5: girman ɗan Adam, da dabarun tafiyar da kai, da cutar ƙanjamau, da zaman tare, da al'umma da al'adunta. Ba a ware mata sa'a tata ita kaɗai ba, an zuba ta cikin darussan kimiyya da na zamantakewa da na kiwon lafiya.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. A watan Nuwamba na 2022, a taron Majalisar Ilmi ta Ƙasa a Abuja, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci NERDC ta cire ilmin jima'i daga manhajar ƙananan makarantu, ya ce wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Waɗansu suka yaba, waɗansu ƙungiyoyin lafiya da na mata suka yi kuka.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a makarantunta tun 1955. Ingila kuwa sai a 2020 ta wajabta darasin zaman tare a firamare da ilmin jima'i a sakandare, ta kuma bar wa iyaye damar janye ɗansu daga kashin jima'i. Kafin nan, a 2019, iyaye a birnin Birmingham, galibinsu Musulmi, sun yi ta zanga-zanga a ƙofar waɗansu makarantu sabo da abin da a ke koya wa 'ya'yansu ba da shawararsu ba. Abin lura a nan shi ne, duk inda aka tsallake iyaye sai an yi rigima.

4. Don me a ke ce da shi hakki?

Hakki shi ne abin da in an hana mutum an cuce shi. Yarinyar da na ba ku labarinta an cuce ta, ko da ya ke ba wanda ya yi nufin cutarta.

A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan hakkin yara, Nijeriya ta shiga a 1991. Sashe na 24 ya yi magana a kan lafiyar yaro da ilmin kiwon lafiya, sashe na 19 da na 34 a kan kare shi daga cin zarafi da lalata. Sashe na 5 kuwa ya ce a girmama hakkin iyaye na yi wa ɗansu jagora gwargwadon girmansa. Kun ga ke nan hakkin yaro da na iyaye a takarda ɗaya su ke. Nijeriya ta yi dokar hakkin yara a 2003, Jihar Yobe kuma ta yi tata dokar kare yara, Gwamna Mai Mala Buni ya sa mata hannu a 2022.

Amma ba takarda ce ta sa abin ya yi nauyi ba. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Suka tarar yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an taɓa yi musu wani nau'in lalata kafin su kai shekara 18, kuma ƙalilan ne ƙwarai suka sami taimako. Malam, ka ɗauki wannan lissafi ka dubi ajinka mai yara 60. Galibi kuma mai cutar yaro ba baƙo ba ne, wanda ya sani ne, maƙwabci ko mai shago ko ɗan'uwa, wani lokaci ma malami. Yaron da ba a taɓa gaya masa akwai wuraren jikinsa da ba a taɓawa ba, da wane baki zai kai ƙara?

5. Tsoron iyaye

Iyaye suna cewa, "In kun gaya musu za su gwada." Kada malami ya yi wa wannan magana dariya, gama daga ƙauna ta fito. Amsarta biyu ce. Ta farko, hukumar UNESCO ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta fitar da jagora a 2009, ta sabunta ta a 2018. Abin da ta tarar shi ne darasin da aka tsara da kyau ba ya sa yara su fara da wuri, sau da yawa ma ya kan sa su jinkirta. Ta biyu, mun koya wa yaro wuta tana ƙuna, ba mu ga ya faɗa murhu don ya ji ba.

Suna kuma cewa, "Ba mu san abin da za ku faɗa ba, ba mu kuma san halin malamin ba." A nan kam gaskiya tana wajensu. Amsarta ba ta baki ba ce, ta aiki ce, ga ta nan tafe.

6. Abin da za a koyar, gwargwadon shekaru

Ba a ba jariri tuwo. Ko wane aji da abin da ya dace da shi.

Ƙananan azuzuwan firamare: tsabta, da sunayen gaɓoɓi cikin ladabi, da sanin cewa abin da tufafi ke rufewa al'aura ce, ba mai ikon taɓawa ko kallo, sai uwa wajen wanka ko likita a gaban uwa. A koya musu abu 3: ka ce a'a, ka bar wurin, ka gaya wa babban da ka yarda da shi. A kuma gaya musu duk kyautar da aka ce kada ka gaya wa kowa, to, ita ce ya kamata ka faɗa.

Aji biyar da shida: alamun balaga, tun ba su zo ba. Yarinya ta kan soma canzawa tsakanin shekara 8 da 13, namiji tsakanin 9 da 14, wani ya yi sauri wani ya yi jinkiri, duk lafiya ne. Jinin al'ada ya kan zo kamar shekara 2 bayan ƙirji ya fara tasowa, ya kan yi kwana 2 zuwa 7, ya kan komo kamar wata wata, amma a shekarun farko ba ya tsayawa a kan lissafi. A nuna wa 'yan mata yadda a ke ƙunzugu da audugar mata ko da tsumma mai tsabta, a wanke shi da sabulu a shanya a rana. A gaya wa maza buɗewar murya da mafarki ba ciwo ba ne, a kuma hana su yi wa 'yan mata dariya. Hukuncin wanka da salla kuwa a haɗa kai da malamin addini.

Sakandare: yadda ciki ke shiga, da cewa yana iya shiga ko da sau ɗaya ne. A bayyana ƙanjamau: tana shiga ta saduwa, da jini kamar a aska ko allurar da ba a tsabtace ba, da kuma daga uwa zuwa jariri. Ba ta shiga ta gaisuwa ko cin abinci tare ko cizon sauro, akwai kuma maganin da ke sa mai ita ya rayu da lafiya. A bayyana yoyon fitsari: doguwar naƙuda ke kawo shi, sa'ad da kan jariri ya daɗe a tokare. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba tana cikin masu haɗari, haka duk macen da aka jinkirta kai ta asibiti. Ba aljanu ba ne, ba kuma zunubi ba ne, a kan yi aikinsa a asibitoci kamar na Babbar Ruga a Katsina. A yi magana a kan zance: a yi shi da sanin iyaye, a inda ido ke gani. Saurayin da ya ce sai kin ba shi kanki zai yarda kina sonsa, ba aure ya kawo shi ba. Hoton da ya bar wayarki kuma ba ya komowa. Samari su ji cewa kame kai mazantaka ce, tilasta wa mace kuwa laifi ne a wurin Allah da wurin hukuma.

7. Dokokin malami

(a) Ka san manhajar da ke hannun makarantarku, ka bi ta. Kada ka yi gaban kanka, ka fara shawartar hedimasta.

(b) Ka fara da iyaye. A taron iyaye da malamai a karanta musu abin da za a faɗa, kalma kalma. A gayyaci liman da fasto da mai unguwa da ma'aikaciyar asibiti. Wanda aka yi shawara da shi ba ya zama abokin gāba.

(c) A darasin balaga a raba aji, malama ta ɗauki 'yan mata, malami ya ɗauki maza. In makaranta ba ta da malama, a roƙi ungozomar asibiti ko wata dattijuwa da iyaye suka yarda da ita.

(d) Ka zaɓi kalma. Fataskum gari ne na Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari. Kalmar da ba kome ba ce a wani gida, a wani gidan zagi ce. Kalmomin fiƙihu, irin su haila da balaga da al'aura, sun fi tsira da mutunci. Ban da ba'a, ban da batsa, ban da misali da wani yaro na cikin aji.

(e) Ka ajiye akwati mai ƙaramar kafa, mai tambaya ya rubuta ya jefa ba tare da suna ba. Abin da ba ka sani ba ka tambayi ma'aikacin lafiya kafin ka amsa.

(f) Ka roƙi makaranta ta ware wa 'yan mata ban ɗaki mai ƙyaure da ruwa, a kuma ajiye audugar mata da zane ɗaya a wurin wata malama. Rashin wannan ɗan abu ya kan sa yarinya ta riƙa fashin makaranta ko wane wata.

(g) Ka tsare kanka. Kada ka keɓe da ɗaliba, kada ka aike ta ɗakinka, kada ka nemi lambar wayarta. Malamin da ya ci amanar ɗalibarsa ya rufe wa 'yan mata ɗari ƙofar makaranta, gama iyaye za su janye su.

8. In yaro ya kawo maka kuka

Wata rana, in yara sun yarda da kai, ɗaya zai zo ya gaya maka abin da aka yi masa. Ka natsu ka saurara. Kada ka ce, "Me ya kai ki can?" Ka ce, "Kin kyauta da kika faɗa, ba laifinki ba ne." Kada ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, ka ce za ka gaya wa wanda zai taimaka kaɗai. Ka sanar da hedimasta da iyaye, in kuwa a gida abin ya ke, ka nemi jami'in jin daɗin jama'a. In fyaɗe ne a kai asibiti nan da nan, gama maganin rigakafin ƙanjamau ba ya amfani sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana 3. A kuma kai magana ga hukuma. Mutane za su ce a rufa asiri. Asirin yaro a rufa shi, kada sunansa ya zaga gari. Amma in an rufa asirin mai laifi, gobe 'yar wani ce. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kammalawa

'Yan'uwana malaman gobe, manhaja ta kan sake, minista ya zo minista ya tafi, amma balaga ba ta jiran umurnin kowa. Ko wace shekara yara za su kai gare ta a ajinku, ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Ba a ce malami ya ƙwace aikin iyaye ba. Abin da a ke so shi ne ya tabbata wani ya yi aikin, in uwa ta ji kunya ya nemo gwaggo, in babu gwaggo ya nemo malama. Dattijuwar nan da ta leƙo ta taga ba ta karanta yarjejeniyar 1989 ba, amma ta san hakkin yarinyar nan fiye da ni mai riƙe da alli. Allah ya sa mu riƙe amanar 'ya'yan mutane.

Tambayoyi domin nazari

1. Kawo kashi biyu na ilmin zaman iyali, da misali biyu biyu.
2. Su wa ke koyar da wannan ilmi a garinku a zamanin kakanninku? Su wa ke koyar da shi yau?
3. Me ya sa aka sake wa manhajar suna a 2003?
4. Wani uba ya zo makaranta a fusace ya ce ba ya so 'yarsa ta ji wannan darasi. Rubuta abin da za ka ce masa.
5. Shirya darasi na minti 30 ga 'yan aji biyu a kan "Ka ce a'a, ka bar wurin, ka faɗa."